Neman shawara: yaya zan girka babbar manhaja a kan kwamfutoci 32 ba tare da na tsaya a kan kowace ɗaya ba?

Malamin Ɗakin Kwamfuta ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da injiniyoyi. Ni nake kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare mai zaman kanta, kuma a cikinsa akwai kwamfutocin tebur guda 32, dukkansu na hannu ne da aka sayo a lokuta daban-daban. Guda ashirin daga ciki irinsu ɗaya ne, masu tsohon faifai mai juyawa na gigabait 500. Sauran kuwa kowace da halinta, wasu an sanya musu SSD na gigabait 128, guda uku kuma suna da faifan NVMe. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma mafi yawan injinan nan ba su da TPM 2.0, wata ƙaramar na'urar tsaro da Windows 11 take bukata, hukumar makaranta ta amince in mayar da ɗakin gaba ɗaya kan Debian, wata babbar manhaja ta dangin Linux.

Damuwata ita ce lokaci. Na girka wa guda huɗu da hannu ta hanyar filas, kowace ta ci mini fiye da awa ɗaya, kuma yawancin wannan lokacin ba aiki injin yake yi ba, jira yake in amsa masa tambaya: wane harshe, wace ƙasa, wane irin kibod, mene ne sunan kwamfutar, wa zai yi amfani da ita, wace kalmar sirri, yaya za a rarraba faifai. Sau biyu na tafi aji na dawo bayan minti arba'in na tarar allo ya tsaya cak yana jiran in danna maɓalli ɗaya tak. Ga shi janareta awa huɗu kawai ake kunna mana a rana, ga kuɗin data da kowace kwamfuta take ci idan ta fara sauko da manhajoji daga intanet. Kuma na san cewa a ƙarshen kowane zango sai na sake wannan aikin, domin ɗalibai ba sa barin komai yadda suka same shi.

Shin akwai hanyar da zan rubuta amsoshin nan sau ɗaya, injinan su riƙa karantawa da kansu? Ina da ɗan sani kan layin umarni, amma ban taɓa yin irin wannan ba. Na gode.

Injiniyan Layi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana a tambayarka shi ne ainihin abin da ake yi, kuma kowace babbar manhaja tana da nata sunan da take kiransa. A gidan Red Hat da Fedora ana ce masa Kickstart, a SUSE AutoYaST, a Ubuntu tun daga fitowar 20.04 ta uwar garke (wato server, injin da ke yi wa sauran injina hidima) ana ce masa autoinstall, a Windows kuma fayil ne mai suna autounattend.xml. Tunda Debian ka zaɓa, naka shi ne preseed, wato fayil na rubutu zalla wanda aka saba sanya wa suna preseed.cfg.

Dalilin da ya sa hakan yake yiwuwa shi ne, manhajar girkawa ta Debian ba ta yin tambaya kai tsaye. Kowace tambaya tana da suna a cikin wani tsari da ake kira debconf, kuma kafin a nuna maka ita a allo sai an duba ko an riga an ajiye amsarta. Idan an samu amsa sai a wuce ba tare da an dame ka ba. Saboda haka kowane layi a cikin fayil ɗin kashi huɗu ne: mai tambayar, sunan tambayar, nau'inta, sai amsar. Ga misali:

d-i time/zone string Africa/Lagos
d-i passwd/username string dalibi
d-i partman-auto/method string regular
d-i partman-auto/choose_recipe select atomic
tasksel tasksel/first multiselect standard, xfce-desktop
d-i pkgsel/include string libreoffice gimp

Layi na farko ya ɗora agogo kan lokacin Nijeriya, na biyu ya ƙirƙiri mai amfani, na uku da na huɗu sun ce a zuba komai a kaso ɗaya na faifai, na biyar ya zaɓi Xfce wadda ba ta da nauyi ga tsofaffin injina irin naka, na ƙarshe kuma ya ƙara manhajojin da kake so. Kada ka fara rubutawa daga farar takarda. A cikin littafin jagorar girka Debian akwai Rataye B wanda aka keɓe wa wannan batu kaɗai, kuma yana ɗauke da cikakken fayil na misali mai bayani a kan kowane layi. Shi za ka ɗauka ka gyara. Akwai kuma umarnin debconf-get-selections --installer, wanda ke cikin ƙunshin debconf-utils, da zai fito maka da amsoshin da ka bayar a kan ɗaya daga cikin injinan huɗu da ka riga ka girka. Ka yi amfani da shi wajen gano sunan tambaya kawai, domin yana fito da abubuwa masu yawa da bai kamata a kwafa su gaba ɗaya ba.

Abubuwa biyu ne suke yawan kayar da mai farawa. Na farko, tambayoyin harshe da ƙasa da kibod suna zuwa ne tun kafin injin ya hau layin sadarwa, saboda haka idan fayil ɗinka a kan layi yake, ba zai iso da wuri ya amsa su ba. Maganin wannan shi ne a layin tayar da injin ka rubuta auto=true priority=critical tare da url= da adireshin fayil ɗin. Shi auto=true yana jinkirta waɗancan tambayoyi har sai fayil ya iso, priority=critical kuma yana hana nuna duk tambayar da ba ta zama dole ba. Abu na biyu shi ne kalmar sirri. Kada ka rubuta ta ƙarara, musamman a makaranta inda akwai yara masu binciken ƙwaƙwaf. Ka yi amfani da mkpasswd -m sha-512, wanda ke cikin ƙunshin whois, ka sanya abin da ya fito a layin passwd/user-password-crypted.

Ka kuma lura cewa preseed yana aiki ne da manhajar girkawa ta asali wadda ke cikin netinst (ƙaramin faifan girkawa na Debian) ko DVD, ba da Calamares ba, wato ɗaya manhajar girkawar da ake buɗewa daga teburin faifan gwaji.

Mai Gyara a Kasuwa ya rubuta:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya fito sarai. Amma da izininka zan ɗan saɓa maka. Mutumin da ke da janareta na awa huɗu da injina ashirin iri ɗaya, a ganina kwafin faifai ya fi masa sauƙi a kan koyon sunayen tambayoyin debconf.

Malam, ka gyara kwamfuta ɗaya tsaf yadda kake so, da manhajojinta da hoton bangonta da komai, sannan ka tayar da ita da Clonezilla ka ɗauki kwafin faifanta ka ajiye a wani faifai na waje. Clonezilla kyauta ce, daga wata cibiyar ƙasa ta manyan kwamfutoci a Taiwan ta fito, kuma tana amfani da partclone wanda ba ya kwafar wurin da babu komai, sai inda aka yi rubutu kaɗai. Don haka faifan gigabait 500 da bai ɗauki abin da ya wuce gigabait goma ba, kwafinsa ƙarami ne, kuma mayar da shi kan wata kwamfutar ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Tana ma da tsarin da injin ɗaya zai watsa kwafin ga dukan sauran a lokaci guda ta waya, ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A ƙarshen zango kuma kwafin nan dai za ka sake zubawa.

Ni a shago yawancin aikina Windows ne. Idan injina daban-daban aka kawo, autounattend.xml nake ajiyewa a farkon filas, manhajar girkawa ta gan shi da kanta. Idan kuwa iri ɗaya ne masu yawa, sai in gyara ɗaya, in bi ta da Sysprep domin ya cire abubuwan da suka keɓanta da ita, sannan in kwafa. Kowace hanya da wurinta.

Malama daga Damagaram ta rubuta:

Barkanku da ƙoƙari. Ina kula da irin wannan ɗaki a wata cibiyar koyar da sana'a, kuma na bi hanyoyin biyu, don haka zan faɗi abin da na gani.

Malam Mai Gyara ya yi gaskiya kan sauri, kuma shi da kansa ya ambaci mabuɗin matsalar da ya kawo zancen Sysprep. Kwafi yana ɗauko har abin da bai kamata a raba ba. A Linux kowane inji yana da lambar shaidarsa a cikin /etc/machine-id, yana da sunansa, kuma idan an sanya masa uwar garken SSH, wato hanyar shiga injin daga nesa, yana da mabuɗansa a cikin /etc/ssh. Idan aka kwafa ba tare da an goge waɗannan ba, za a wayi gari da injina ashirin masu suna ɗaya da shaida ɗaya. A injinan da ke amfani da systemd-networkd ma har adireshi ɗaya suke iya samu, domin daga waccan lambar ake samar da shaidar da suke nuna wa DHCP, tsarin da ke raba wa injina adireshi a kan layi. Ana iya gyara duk wannan, amma aiki ne da sai an tuna da shi kowane lokaci. Sannan Clonezilla tana so wurin da za a zuba kwafi ya kai girman inda aka ɗauko shi, saboda haka kwafin faifan gigabait 500 ba zai shiga SSD na gigabait 128 cikin sauƙi ba. Wanda ya nace sai kwafi, to ya gyara injin samfurinsa a kan faifai mafi ƙanƙanta.

Abin da ya sa na koma preseed ba wannan ba ne ma. Bayan wata shida na kasa tuna abubuwan da na canza a cikin injin samfurin, kuma kwafin faifai ba ya karantuwa. Fayil ɗin amsoshi kuwa bai wuce shafi biyu ba, ina iya buɗe shi in ga kowane zaɓi da na yi, wanda zai gaje ni ma zai iya karantawa. Kuma tunda girkawa ce ta gaske ake yi a kan kowane inji, manhajar da kanta take duba kayan cikinsa, ba ruwanta da cewa wannan daban yake da wancan.

Batun data da filas kuwa, inji ɗaya za ka ware ya zama uwar garke. Ka ba shi hanya biyu: ɗaya zuwa modem ɗinka, ɗaya zuwa akwatin da wayoyin ɗakin suka haɗu a ciki. Ka sanya masa apt-cacher-ng, wanda ke sauraro a ƙofa ta 3142. Duk ƙunshin da injin farko ya nema zai sauko da shi daga intanet ya ajiye, na biyu da na talatin kuma daga ajiyar za a ba su. Layi ɗaya ne a cikin preseed, inda 192.168.50.1 yake a matsayin adireshin uwar garken:

d-i mirror/http/proxy string http://192.168.50.1:3142/

Daga nan sai ka sanya dnsmasq, wanda shi kaɗai zai iya raba adireshi ta DHCP ya kuma miƙa fayilolin tayarwa ta TFTP. Wannan shi ne PXE, wato tayar da kwamfuta ta waya ba tare da filas ko faifai ba. Tsari ne da Intel ta fitar tun shekarun 1990, kuma kusan duk kwamfutar ofis da za ka samu a kasuwar kayan hannu tana da shi a cikin BIOS. Ka sauko da netboot.tar.gz na Debian ka warware shi a jakar TFTP. Tunda injinanka gauraye suke, ka sani cewa masu tsohon BIOS pxelinux.0 ake ba su, masu UEFI, sabon tsarin da ya maye gurbin BIOS, kuma bootnetx64.efi, kuma dnsmasq yana iya bambance su domin kowane inji yana faɗin nau'insa a cikin zaɓi na 93 na DHCP. Idan ka rubuta adireshin MAC na kowane inji, wato lambar katinsa na layin sadarwa, tare da sunan da kake so a layukan dhcp-host, sunan da DHCP ya bayar shi manhajar girkawa za ta ɗauka, kowace kwamfuta ta tashi da sunanta.

Ƙarin abu ɗaya da ya shafe mu. A Linux akwai tsarin kibod na Nijeriya mai suna ng wanda yake da reshen hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Ta layin preseed/late_command, wanda ke gudanar da umarni a ƙarshen girkawa, kana iya gyara /etc/default/keyboard ka ƙara shi. Mu a nan kibod ɗin Faransanci ne ya fi yawa kuma agogonmu Africa/Niamey, amma dabarar ɗaya ce.

Injiniyan Layi ya rubuta:

Malama ta gama magana kan layin sadarwa, ba ni da abin ƙarawa sai gargaɗi, kuma daga kuskuren kaina na koye shi.

A wani wuri da na taɓa aiki na shirya PXE da preseed mai amsa komai har da tabbatar da goge faifai, na kuma sanya shi ya zama zaɓin da ke tafiya da kansa bayan daƙiƙa goma. Na manta cewa wayar ɗakin gwajin tana haɗe da ta sauran ofisoshi. Washegari wani ma'aikaci ya kunna kwamfutarsa wadda aka saita ta fara neman tashi ta waya, ya tafi haɗa shayi, kafin ya dawo an share faifansa an fara zuba sabuwar manhaja. Laifina ne ni kaɗai, domin injin bai yi komai ba face abin da na rubuta masa. Tambayar nan ta "ka tabbata a rubuta canje-canje a faifai?" wadda ke ba mu haushi, ita ce shinge na ƙarshe, kuma da layi ɗaya ake cire ta.

Saboda haka, Malam, ka raba wayar ɗakin da ta ofishin shugaban makaranta da na ma'aji kwata-kwata. A jerin zaɓin tayarwa, ka sanya tashi daga faifan cikin gida ya zama na asali, girkawa kuma sai mutum ya zaɓe ta da hannunsa. Wannan zai kuma hana injin, bayan ya gama girkawa, ya sake tashi ta waya ya koma farko. A gwajin farko kada ka sanya partman/confirm da partman/confirm_nooverwrite, ka bar wannan tambaya ɗaya ta fito, ka karanta sunan faifan da idonka.

Sunan faifai shi ne ɗaya tarkon. Faifan SATA yana fitowa a matsayin /dev/sda, na NVMe kuma /dev/nvme0n1, don haka idan ka rubuta /dev/sda a partman-auto/disk, injinanka uku za su tsaya. Idan kuma da filas ka tayar, wani lokaci filas ɗin ne yake karɓar sunan sda. Tunda kowace kwamfutarka faifai ɗaya gare ta kuma ta waya za ka tayar, kada ka rubuta wannan layin sam, domin idan faifai ɗaya ne manhajar tana ɗaukarsa da kanta. A grub-installer/bootdev kuma ka rubuta default. Duk wannan ka fara gwada shi a cikin VirtualBox ko QEMU, manhajojin da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, inda goge faifai ba ya jawo asarar komai, sau ɗaya da BIOS, sau ɗaya da UEFI.

Malamin Ɗakin Kwamfuta ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na dawo da rahoto. Na shafe yammaci uku ina gwaji a VirtualBox, kuma sau da yawa harafi ɗaya da na rubuta ba daidai ba ne yake sa tambaya ta sake fitowa. Ranar Asabar na haɗa uwar garke yadda Malama ta tsara, na ware ɗaya daga cikin injinan domin wannan aiki, saura 31. Na fara da inji ɗaya domin ajiyar ta cika, shi ne ya fi daɗewa. Bayansa na riƙa tayar da su shida-shida, ban taɓa komai ba sai zaɓin girkawa da tambayar faifai wadda na bari kamar yadda Injiniya ya ce. Kafin a kashe janareta 28 sun gama, har da masu NVMe, kowace da sunanta. Malam Mai Gyara, shawararka ma ban yar ba, na ɗauki kwafin uwar garken kanta da Clonezilla na ajiye.

Guda uku ne suka ƙi. Suna tashi ta waya lafiya, suna karɓar fayil ɗin, amma da an zo wurin sauko da manhajoji sai su tsaya da jan allo suna ƙorafi kan ma'ajiyar Debian. Na canza musu waya, na canza ƙofa a akwatin, babu bambanci. Dukkansu daga cikin tsofaffin nan ashirin ne masu iri ɗaya, kuma 'yan'uwansu sun wuce da fayil ɗin nan dai. Me zan duba?

Malama daga Damagaram ta rubuta:

Madalla da wannan ƙoƙari, Malam. Kafin ka taɓa fayil ɗin, ka shiga BIOS na waɗannan ukun ka duba kwanan wata. Ina kyautata zaton za ka tarar sun koma shekarun baya, domin ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a kan allon uwa, CR2032, ya mutu, abin da ya zama ruwan dare a injinan hannu. Debian tana sanya hannu da kwanan wata a kan fayil ɗin Release na ma'ajiyarta, kuma injin da yake zaton yana shekarar 2012 zai ga takardar da ta zo daga gaba, sai ya ƙi amincewa da ita. Domin ka tabbatar, idan jan allon ya fito ka danna Alt da F4 tare, za ka ga bayanan da manhajar take rubutawa a bayan fage, ko ka danna Alt da F2 ka rubuta date.

A al'ada manhajar girkawa tana gyara agogo da kanta ta NTP, tsarin karɓar lokaci ta layin sadarwa, amma a tsarin da na ba ka injinan ɗakin ba sa fita intanet kai tsaye, ta apt-cacher-ng kaɗai suke bi, shi kuma ba ya wuce da NTP. Wannan giɓi ne a bayanina na farko. Ka sanya chrony, manhajar raba lokaci ta NTP, a uwar garke, ka ƙara masa layin allow 192.168.50.0/24 da layin local stratum 10 domin ya ci gaba da bayar da lokaci ko modem a kashe yake, sannan a preseed ka rubuta:

d-i clock-setup/ntp boolean true
d-i clock-setup/ntp-server string 192.168.50.1

Batiran kuma ka canza su duk da haka, in ba haka ba kowace safiya da aka ɗauke wuta agogon zai sake komawa baya, ɗalibai su riƙa samun gargaɗin takardar shaida a duk shafin da suka buɗe. Tunda ashirin ɗin nan tare aka ƙera su, ka sayi batira fiye da uku.